Dakan Da Na Yi A Gidan Kaka

Tun da aka kafa injin niƙa a bayan kasuwar Filinge, safiyar unguwarmu ta canza murya. Da can, kafin zakara ya gama surutunsa za ka ji taɓarya ta amsa a wannan gida, wata ta karɓe daga wancan, har mai kunne ya iya cewa wance ce ke daka, kuma yau ranta a ɓace yake. Yanzu kuwa sai wannan ƙarfen ya kama tari kamar tsohon da taba ta cinye, 'yan mata su jera kwanoni su tsaya hira, tafin hannunsu lumui, ko kanta guda babu. Jikokina in sun ji ina mita sai su ce Kaka kishin inji take yi. Ja'irai, me zan yi wa kishi a jikin ƙarfe? Ni dai na san ƙarar turmi ba ƙaramin abu ba ce. Na taɓa yin wani daka ina yarinya, ga shi haƙorana sun zube, amma har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Ba a ƙasar nan aka yanke cibiyata ba. A ƙasar Kabi aka haife ni, bakin gulbi, wajen da Ingilishi ke mulki. Babana ne mutumin wannan ƙasa ta Kurfai, daga wani ƙauye da ke gefen Tabla. Lokacin da Nasaran Faransa suka fara shigowa, kawunan mutane suka mayar jakunansu. Kowane gida sai ya ba da namiji guda ya ɗauki akwati ya bi su, wanda ya tafi kuwa ba kasafai ake sake ganinsa ba. Aka kira Babana yana saurayi, don shi ne ɗan fari. Tsoro ya kama shi, ya sulale ya yi kudu ba sallama. Da aka zo ba a same shi ba, sai aka kama ƙanensa Mamman, yaron da ko gashin baki bai fara ba, aka ɗora masa kayan. Mamman bai dawo ba, ko inda aka binne shi ba wanda ya sani. Shekara da shekaru Babana bai sake taka Kurfai ba, kuma duk tasowata ban taɓa jin ya ambaci wannan zance ba.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu ita ce shekarar da ruwa ya ƙi. Mu na bakin gulbi mun ji jiki, amma muna da fadama da kifi, ba mu kai ga tonon gidan tururuwa ba. Sai wasu fatake suka kawo labari cewa yunwa ta yi wa Kurfai zobe, kakana ya rasu, kakata kuma tana zaune ita kaɗai tana cin 'ya'yan itace. Kwana biyu da jin wannan labari, Babana ya cika taiki biyu da gero, ya ɗora wa jakinmu, ya lulluɓe da tabarmi don a ɗauka mai tallar tabarma ne, ya ce mini in ɗaura zanena. Lokacin ban wuce sha ɗaya ko sha biyu ba, amma tun rasuwar uwata ni ke riƙe da madafi, kuma ina ji da kaina ƙwarai. A unguwarmu babu yarinyar da ta kai ni lugude. Nakan jefa taɓarya sama in tafa sau biyu in cafe, manya suna cewa madalla, ni kuwa kaina yana ƙara kumbura.

Mun bi ayarin fatake kwana da kwanaki. 'Yan yanzu da ke hawa mota su yi barci su farka a wani gari ba su san tafiya ba. Ƙafa ce, da ƙarangiya, da ƙishirwa, kuma kullum muka ƙara yin arewa sai ƙasa ta ƙara bushewa, garuruwa su ƙara yin shiru. A hanyar nan ne, muna hutawa gindin wani gawo, Babana ya ba ni labarin Mamman tun daga farko har ƙarshe, idonsa a kan ƙafafunsa. Da ya gama sai ya dafa taikin ya ce, "Kin ga hatsin ga? In Inna ta sa shi bakinta, ta yahe mini ke nan. In ta ƙi shi, to ban san da wace huska zan tsaya gaban Allah ba." Ban taɓa ganin namiji babba yana neman abu haka ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni, na ƙudura a raina cewa ko ana ha-maza ha-mata sai tsohuwar nan ta ci.

Da la'asar muka gangara kwarin da ƙauyensu yake. Rumbuna a buɗe kamar bakin marayu, awaki 'yan kaɗan, karnuka ko haushi ba sa iyawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, lokacin dakan tuwon dare ne amma ko taɓarya guda ban ji ba. Na ce a raina, Allah sarki, ba su da abin dakawa. Muka tarar da Kaka zaune a ƙofar ɗakinta, 'yar tsohuwa baƙa, ƙasusuwan wuyanta a waje, tana tsince wasu 'ya'yan itace a faifai. Babana ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya ce, "Inna, na taho." Ba ta ɗaga kai ba. To, a zamaninmu uwa ba ta kallon ɗan farinta ido da ido, ba ta kama sunansa, in za ta yi masa magana sai ta bi ta bakin wani. Kunya ce, kowa ya sani, ba kamar yanzu da uwa ke tsayawa bakin titi tana ƙwala wa ɗan fari kira ba. Saboda haka shirun Kaka ya zama mai wuyar karantawa, ba mai iya cewa ga inda kunya ta tsaya, ga inda fushi ya soma.

Ni ta duba, ta ƙare mini kallo sama da ƙasa, ta ce, "Ke kuma ɗiyar wa ta, da kika taho kina warin kihi?" Na ce ni jikarta ce. Ta ce, "To, jika, ce ma baƙon ga akwai ruwa randa." Babana ya yaye tabarmin ya nuna mata taikunan. Ta ci gaba da tsintarta, can ta ce, "Ce mai ya kai kayanai inda ya ga dama. Ni anza nika ci, ta ishe ni. Wanda ya saba kawo mini hatsi gidan ga ya tahi da akwatin Annasara bisa kai." Babana ya sunkuyar da kai. Wata maƙwabciya da ake kira Ta-Sanam, don daga Sanam aka auro ta, ta leƙo ta katanga, ta ga taikunan, ta dafe ƙirji. Ta ja Babana gefe suka yi ƙus-ƙus, nan da nan ya haƙa rami a garken awaki ya binne su ya watsa taki a kai. Ni dai abin da ya ce mini kawai shi ne kada in taɓa sai ya ce. Wa ke zama ya yi wa yarinya bayani a wancan lokaci?

Kwana huɗu na yi da Kaka kafin abin ya faru, kuma a kwanakin nan ne na fara son ta, ko da yake bakinta ya fi barkono. Da sassafe muke fita daji neman anza, wasu 'ya'yan itace ƙanana masu ɗacin da ko akuya ba ta so. Sai an shanya, an fasa, an jiƙa ƙwayar ana sake mata ruwa kwana da kwanaki kafin ta ciyu, kuma ko ta ciyu cika ciki kawai take yi. Ranar farko na ɗanɗana wadda ba ta gama jiƙa ba, na tofar ina yamutsa fuska, Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce 'yan Kabi ba su san komai ba sai lashe ƙayar kifi. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai, tana zagin wadda ta yi mini kitson baya, ta yi mini irin na Kurfai. In ta raba anza, kasona ya fi nata, in na yi magana ta ce ita tsohon ciki gare ta, ya saba. Tana kitso tana jefo mini tambaya kamar ba da gangan ba. "Baƙon ga yana da gona can?" "Da uwarki ta kwanta ciwo, ya kula da ita?" "Har yanzu in ya ga kunama yana tsalle kamar mace?" Ni sakarya ina amsawa ina dariya, ban gane cewa mai fushin da ya yanke ƙauna ba ya tambayar irin wannan ba.

Babana kuwa kullum sai ya durƙusa a ƙofarta safe da yamma, ya gaishe ta, ta amsa ta bakina. Ya gyara mata jinkar ɗaki, ya ɗebo ruwa, ya ci anza tare da mu, gero yana binne taku goma daga inda muke zaune. A kwana na huɗu, muna dawowa daga daji, Kaka ta zauna hutawa sau uku, a na ƙarshe idonta ya juya, sai da na yayyafa mata ruwa. Hankalina ya tashi. Na ce tsohuwar nan za ta mutu da taurin kanta, ta bar Babana da abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar yaro. Na ce baki yana iya ƙin hatsin da ke cikin taiki, amma wane mai yunwa ne zai ji ƙamshin sabuwar fura a gabansa ya kau da kai?

Washegari Babana ya tafi gaida wani dattijo a ƙarshen gari, Kaka kuma ta lallaɓa gidan da aka yi rasuwa. Na tone garken awaki, na kwance bakin taiki na ɗebi ƙwarya guda. Na sami turmin Kaka a kife bayan ɗaki, gizo ya yi saƙa a ciki. Na tayar da shi, na wanke, na zuba gero na yayyafa ruwa, na kama surfe. Kuma da yake ni ce, ban yi shi a hankali ba. Na ce bari mutanen garin nan su ji yadda 'yar Kabi ke daka. Na jefa taɓarya, na tafa, na cafe, turmi yana amsawa, ƙarar tana bugun duwatsun kwarin tana dawowa. Daɗi nake ji, wallahi, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ban ankara ba sai ga Ta-Sanam ta faɗo ta kan katanga ba ko ɗankwali, ta fizge taɓaryar, ta kife turmin da geron a ciki ta zauna a kai. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi munka yi miki? Kin kashe mu!"

Sai daga baya na san abin da kowane jariri a garin ya sani. Ba rashi ne kaɗai ya kife turame ba. Nasara suna karɓar hatsi don ciyar da sojansu, mutanen gari kuwa sun rantse ko ƙwaya ba ta rage ba. Wanda yake da ɗan abin da ya ɓoye, a dutse yake niƙa shi cikin ɗaki, a hankali, ƙofa a rufe. Wata da watanni ba a ji turmi a kwarin nan ba. Kuma a safiyar nan gardi biyu, sojan Nasara masu jar hula, suna ƙauyen da ke ƙetaren kwari suna tara masu ɗaukar kaya. Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne.

Ba a daɗe ba suka iso bisa dawaki. Ba su sha wahala ba, ramin da na tone yana nan a buɗe. Da suka ga taiki biyu sai suka ce ashe garin maƙaryata ne, suka bi gida gida suna caka mashi a ƙasa, suka tono ɓoyon wasu gidaje biyu, mata suna kururuwa. Babana ya sheƙo a guje, ya ce hatsin nasa ne, daga nesa ya kawo wa uwarsa. Ɗayan gardin ya tambaya ko shi wane ne, wani daga cikin waɗanda aka tone wa rami ya ce, cikin zafin rai, ai shi ne wanda ya gudu shekarun baya. Ban riƙe mutumin nan a raina ba, 'ya'ya biyar gare shi. Suka ɗaura wa Babana igiya a ƙugu, suka ɗora masa taiki guda a ka, ɗayan a kan jakinmu. Kaka ta dawo ana cikin haka. Ta tsaya ta duba, ta shige ɗaki ta zauna ta fuskanci bango. Babana ya ce, "Inna, za su tahi da ni." Ba ta juyo ba. Ya sake faɗa, gardi ya ja igiya. Ni ko kallon faɗa bai yi mini ba, da ma ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Da ƙura ta lafa Ta-Sanam ta tashi daga kan turmin ta fita. Na ɗaga shi, ga geron nan jiƙe, ya cakuɗe da ƙasa. Na kwashe da hannu ina kuka, na niƙa a dutse, na dama da ruwa a 'yar ƙwarya. Na kai wa Kaka na durƙusa, na ce ta taimake ni ta kurɓa ko sau ɗaya. Kamar da bangon nake magana. Na ji mata a waje suna cewa za a tsaya da mutanen a babbar rijiyar kwari har rana ta karya. Na rufe ƙwaryar da faifai na fita da gudu.

Na same su zaune a rana, su wajen goma a igiya ɗaya, gardawan suna inuwa suna shayar da dawaki. Ɗayansu ya daka mini tsawa, ɗayan ya ce a bar ni, yarinya ce. Na durƙusa gaban Babana na buɗe ƙwaryar. Ya duba ya gane ko mene ne. Bai tambaye ni don me na yi abin da na yi ba. Abu guda ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa: "Ta sha?" Na dubi leɓunansa da suka tsage, na ji bakina ya ce, "Ta sha." Ya ce, "Mi ta ce?" Ƙarya kuwa in ta fito ba ta tafiya ita kaɗai. Na ce, "Ta ce ta yahe maka duniya da lahira." Ya rufe ido ya daɗe, hawaye yana bin ƙurar fuskarsa, yana ta hamdala. Ya karɓa ya sha rabi, ya miƙo mini ya ce, "Kai mata saura. Ki zamna wurinta, ki bi ta, kin ji? Kada ki sa ma ranki komi, Allah ya riga ya rubuta." Da rana ta karya aka tashe su, na tsaya ina kallon taikin nan a kansa har suka hau tudu. Ganina da shi ke nan. Bayan damina biyu wani da ya tsira ya ce a hanyar arewa ya faɗi, aka kwance shi daga igiya aka wuce.

Na dawo gari ina bin bayan gidaje, don ba idon da nake iya haɗawa da shi. Na tarar da Kaka ta fito tana zaune a ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan gwiwa, tana kallon hanyar. Ta ce, "Kin iske shi?" Na ce na same shi. Ta dubi ƙwaryar ta ga an sha rabi. Ta ce, "Mi kinka hwaɗa mai?" Na so in ƙara wata ƙaryar, amma idon tsohuwar nan ba ya barin mutum. Na faɗa mata duka, na sunkuyar da kai ina jiran duka ko kora, don na san na cancanci kowanne. Ta sake duban ƙwaryar. Can ta ce, "Ya yarda?" Na ce ya yarda, har ya yi kuka. Ta ce, "Miƙo."

Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta juya ta har ta sami gefen da ya sa baki, ta kafa nata. Ina jin ƙasa tana ƙaras ƙaras a 'yan haƙoranta. Ta sha, ta huta, ta sake sha, ta rage kurɓi guda. Ta ce, "To, na sha. Na kuma yahe mai, duniya da lahira, yadda kinka ce. Yanzu babu ƙarya wuyanki. Shanye wanga." Na fashe da kuka na ce ni na jawo, ni na kashe shi. Ta jawo ni ta kwantar da kaina a cinyarta, cinyar da ba komai sai ƙashi, ta ce, "Yi shiru, ja'ira. Ke daka kinka yi don tsohuwa ta ci, mi a laihinki? Ni ce mai laihi. Tun randa ya durƙusa ƙohwar ga raina ya sauka. Cewa na yi bari in bar shi ya ɗan ji, in Jumma'a ta zo in ce ki dama mini."

Na ji ɗumin hawayenta yana sauka a sabon kitsona. Ran nan Laraba ce.